Sarakunan Wales: Rikicin Gado da Faɗuwar Gidan Gwynedd

Wales ƙaramar ƙasa ce da ke yamma da Ingila. Teku ya kewaye ta ta ɓangarori uku, cikinta kuwa duwatsu ne da kwazazzabai da ruwan sama mai yawa. A yau ɓangare ce ta Birtaniya, amma har zuwa ƙarshen ƙarni na 13 tana da sarakunanta da dokokinta, da harshenta wanda bai yi kama da Ingilishi ba ko kaɗan. Ba ta kasance ƙarƙashin sarki ɗaya ba sai na ɗan taƙaitaccen lokaci. Masarautu ne da yawa, manyansu uku: Gwynedd a arewa maso yamma, wadda duwatsun Eryri ke yi wa garkuwa, tsibirin Môn kuma ke ciyar da ita da hatsi, Powys a gabas, ƙofa da ƙofa da Ingila, sai Deheubarth a kudu maso yamma. Tun ƙarni na 8 Sarki Offa na masarautar Mercia da ke Ingila ya sa aka gina doguwar ganuwar ƙasa a kan iyakar gabas, kuma har yanzu ana ganin ragowarta.

Sarkin Wales na wancan zamani ba shi da babban birni. Yawo yake yi daga wannan fada zuwa waccan, shi da jama'arsa, suna cin abin da talakawan kowane yanki suka tara masa na hatsi, zuma, nama da giya. Dukiya shanu ce, shi ya sa yaƙe-yaƙe da yawa ba su wuce harin kwashe dabbobi ba. Littattafan shari'a sun lissafa ma'aikatan fada 24, kowa da wurin zamansa da rabonsa. Akwai shugaban dakarun gida, wanda yawanci ɗan'uwan sarki ne na jini, akwai alƙali, limamin fada, mai kula da shahuna, da mawaƙi. Mawaƙin fada ba ɗan nishaɗi ba ne kawai. Shi ke riƙe da salsalar gidan sarauta, a bakinsa ake jin wane ne ɗan wane, kuma a ƙasar da jini ke ba da damar neman mulki wannan ba ƙaramin matsayi ba ne. Sunayen ma salsala suke faɗi: kalmar “ap” ko “ab” da ke tsakaninsu na nufin ɗan wane.

Mutum na farko da ya tara yawancin ƙasar a hannunsa shi ne Rhodri Mawr, wanda ya hau sarautar Gwynedd a 844, ya ci mayaƙan teku na Viking da yaƙi a 856, sannan mutanen Mercia suka kashe shi a 878. Jikansa Hywel Dda, wanda ya rasu wajen 950, ya yi mulkin kusan duk ƙasar ban da kudu maso gabas, ya kai ziyarar ibada Roma, kuma da sunansa ake kiran dokokin Wales, ko da yake kwafen da suka fi tsufa daga cikin waɗanda suka rage na ƙarni na 13 ne. Dokokin sun fi karkata ga sulhu da biyan diyya fiye da kisa. Wanda ya yi kisan kai, danginsa ne za su haɗu su biya dangin mamacin. Matar da aurenta ya kai shekara bakwai tana da rabo a dukiyar gida in an rabu.

Sashen gado ne ya fi shafar tarihin sarauta. Idan mutum ya mutu, ana raba ƙasarsa daidai tsakanin 'ya'yansa maza, har da wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba, muddin uban ya amince nasa ne. Ita sarauta, bisa ƙa'ida, ba a raba ta, domin sarki na iya naɗa magaji tun yana raye. Sai dai babu wata doka mai ƙarfi da ta ce lallai babban ɗa ne zai gada, kuma kowane ɗa, ƙane ko baffa yana ganin yana da haƙƙin samun yanki. Ga kuma al'adar riƙo: ana kai 'ya'yan sarki gidajen manyan ƙasa su girma a can, kowane gida kuma ya tsaya wa ɗan riƙonsa ranar da sarauta ta faɗi. Gerald na Wales, malamin coci da ya zagaya ƙasar a 1188, ya ɗora laifin yawan kashe-kashen 'yan'uwa a kan waɗannan al'adu biyu. Wanda ya yi nasara yakan kashe abokin hamayya, ko ya tsare shi, ko ya makantar da shi, domin ana ganin mai naƙasa bai cancanci mulki ba.

Mutum ɗaya ne kawai ya taɓa mallakar Wales gaba ɗayanta, wato Gruffudd ap Llywelyn. Ya karɓi Gwynedd da Powys a 1039, ya kawar da sarakunan kudu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙone garin Hereford na Ingila a 1055. Ƙarshensa bai yi kyau ba. Da Harold Godwinson na Ingila ya matsa masa ta ƙasa da ta ruwa a 1063, mutanensa ne suka kashe shi, aka aika wa Harold kansa. Ƙasar ta sake wargajewa, shekara uku kacal kafin Normawa su ci Ingila a 1066.

Zuwan Normawa ya canza komai. Sarkinsu William ya dasa manyan barade a Chester, Shrewsbury da Hereford, ya sakar musu mara su ci duk abin da takobinsu ya iya ci a yamma. Waɗannan iyayengijin kan iyaka suna da kotunansu da sojojinsu, kuma duk inda suka kama sai su kafa kagara, da farko ta katako da ƙasa, daga baya ta dutse. A 1081 Gruffudd ap Cynan, haifaffen Dublin, da Rhys ap Tewdwr suka haɗa kai suka ci abokan gabarsu a Mynydd Carn, aka kafa gidaje biyun da za su riƙe Gwynedd da Deheubarth daga nan gaba. Amma Gruffudd ya faɗa hannun Normawa ya yi shekaru a kurkukun Chester, Rhys kuma aka kashe shi kusa da Brecon a 1093. Filayen kudu masu albarka suka koma hannun baƙi. Gruffudd ya kuɓuta, ya sake gina Gwynedd har rasuwarsa a 1137. 'Yarsa Gwenllian, wadda ke aure a gidan Deheubarth, ta jagoranci mayaƙa da kanta a 1136 lokacin da mijinta ba ya nan, aka kashe ta kusa da Cydweli.

Ɗan Gruffudd, Owain Gwynedd, ya yi mulki daga 1137 zuwa 1170, kuma a zamaninsa ne aka fara ganin salon da zai riƙa maimaituwa har ƙarshe. Ya saɓa da ƙanensa Cadwaladr. Da farko Cadwaladr ya ɗauko sojojin haya daga Ireland, daga baya ya gudu Ingila, sannan a 1157 ya dawo tare da rundunar Sarki Henry na Biyu, aka tilasta wa Owain ya mayar masa da ƙasarsa. Sarkin Ingila bai buƙaci neman dalilin shiga Wales ba, domin kullum akwai ɗan sarkin da aka ɓata wa rai yana jira a ƙofarsa. Owain kansa ba mai sanyin hali ba ne: a 1152 ya makantar da ɗan ɗan'uwansa Cunedda, ya kuma dandaƙe shi. A 1165 Henry ya sake zuwa da babbar runduna, sarakunan Wales suka haɗu a bayan Owain, amma ruwan sama da laka a duwatsun Berwyn ne suka kori Henry ba tare da wani babban gumurzu ba. Ya huce haushinsa a kan 'ya'yan sarakunan da ke hannunsa a matsayin jingina, ya sa aka cire musu idanu.

Owain ne ya soma ajiye laƙabin “sarki” ya ɗauki wanda yau ake fassarawa da “yarima”. Ba ƙasƙantar da kai ba ne. A ƙasar da kowane mai kwari ɗaya ke kiran kansa sarki, sabon laƙabin na nufin shugaban da ke gaba da sauran duka. Da ya rasu, 'yan ubanci ya tashi nan take. Dafydd da Rhodri, 'ya'yan matarsa Cristin, suka kashe wansu Hywel, wanda mawaƙi ne sananne, a Pentraeth a 1170, sannan suka juya kan sauran.

Yayin da Gwynedd ke cin kanta, tauraron Rhys ap Gruffudd na Deheubarth ya haska. Ya sasanta da Henry na Biyu a 1171, aka naɗa shi wakilin sarki a kudancin Wales, ya gina kagarar dutse a Cardigan, ya ɗauki nauyin gidan zuhudu na Strata Florida. A 1176 ya shirya gasar mawaƙa da makaɗa a Cardigan, inda aka ba waɗanda suka yi nasara kujeru, kuma daga nan ake ƙirga asalin bikin Eisteddfod da ake yi har yau. Shi ma bai tsira daga gidansa ba. 'Ya'yansa sun tsare shi a 1194, bayan rasuwarsa a 1197 kuma gaba tsakanin Gruffudd da Maelgwn ta kai har Maelgwn ya sayar wa Sarki John na Ingila kagarar Cardigan. Deheubarth ba ta sake haɗuwa ba.

Wanda ya fi kowa fahimtar ciwon shi ne Llywelyn ab Iorwerth, jikan Owain Gwynedd, wanda ake kira Llywelyn Babba. Ya ci baffansa Dafydd da yaƙi a 1194 yana saurayi, ya auri Joan 'yar Sarki John wajen 1205. Surukuta ba ta hana John kawo masa yaƙi a 1211 ba, kuma Joan ce ta je ta roƙi mahaifinta aka yi sulhu mai ɗaci, inda Llywelyn ya ba da babban ɗansa Gruffudd jingina. Da manyan Ingila suka yi wa John tawaye, Llywelyn ya bi bayansu, ya kama Shrewsbury a 1215, kuma yarjejeniyar Magna Carta ta wannan shekara tana da sassa da suka shafi Wales. A 1216 ya tara sarakuna a Aberdyfi ya raba Deheubarth tsakanin zuriyar Rhys, wato ya zama shi ne mai raba gardama a gidan wasu. Ingila ta amince da matsayinsa a yarjejeniyar Worcester ta 1218.

Bai taɓa kiran kansa Yariman Wales ba a hukumance, ya tsaya ga Yariman Aberffraw kuma Ubangijin Eryri, amma ya yi aikin gina daula. Ya gina kagarori a Dolbadarn, Dolwyddelan, Cricieth da Castell y Bere. Ya riƙe ma'aikata masu rubutu ƙarƙashin wazirinsa Ednyfed Fychan. Ya aurar da 'ya'yansa mata ga iyayengijin kan iyaka. Yadda ya fifita siyasa a kan zuciya ya fito fili a 1230, lokacin da aka kama William de Braose, ɗaya daga cikin iyayengijin kan iyaka, a ɗakin Joan. Llywelyn ya rataye shi a bainar jama'a, amma ya bar auren ɗansa Dafydd da 'yar wannan William ɗin ya ɗauru kamar yadda aka shirya, Joan kuma ya yafe mata bayan kamar shekara guda.

Babban burinsa shi ne Gwynedd ta wuce hannun ɗa guda ba tare da an raba ta ba. Ya zaɓi Dafydd, ɗan Joan, ya bar Gruffudd wanda mahaifiyarsa Tangwystl ba matar aure ba ce a idon coci. Ya nemo amincewar Ingila, ya nemo ta Paparoma a 1222, ya tsare Gruffudd a Degannwy daga 1228 zuwa 1234, sannan a 1238 ya tara sarakuna a Strata Florida suka yi wa Dafydd mubaya'a. Dabarar tana da hikima, amma ta taka al'ada, kuma mutane da yawa suna ganin an zalunci Gruffudd. Llywelyn ya rasu a 1240. Shekara guda bayan haka Sarki Henry na Uku na Ingila ya shigo da sunan kare haƙƙin Gruffudd, ya karɓe shi daga hannun Dafydd wanda ke tsare da shi, ya kai shi Hasumiyar Landan ya ajiye. A ranar 1 ga Maris 1244 Gruffudd ya ɗaure zannuwan gado ya yi igiya don ya gudu, igiyar ta tsinke, ya faɗo ya mutu. Dafydd ya rasu a 1246 bai bar magaji ba, yarjejeniyar Woodstock ta 1247 kuma ta rage Gwynedd ta raba ta tsakanin 'ya'yan Gruffudd.

Ɗaya daga cikinsu, Llywelyn ap Gruffudd, ya warware rabon da takobi. A Bryn Derwin a 1255 ya ci wansa Owain da ƙanensa Dafydd. Owain ya yi shekara 22 a tsare. Dafydd kuwa an sake shi, an ba shi ƙasa, kuma shi ne ya zame wa ɗan'uwansa ƙaya har ƙarshen rayuwarsu. Llywelyn ya ci gajiyar yaƙin basasar Ingila, ya ƙulla ƙawance da Simon de Montfort, jagoran masu adawa da Henry na Uku. A yarjejeniyar Montgomery ta 1267 sarkin Ingila ya amince da shi a matsayin Yariman Wales, wanda sauran sarakunan ƙasar za su yi wa caffa, shi kuma ya yi wa sarkin Ingila. Wannan ne ƙololuwar da wani sarkin Wales ya taɓa kaiwa a kan takarda.

Farashin ya yi tsada: mark 25,000, kowane mark kuwa kashi biyu cikin uku ne na fam. Gwynedd ƙasar makiyaya ce mai ƙarancin kuɗi, saboda haka Llywelyn ya tsananta haraji, ya ɓata da bishop-bishop ɗinsa, ya riƙa karɓar jingina daga manyan da yake zargi. A 1274 aka bankaɗo makircin kashe shi da Dafydd ya ƙulla da Gruffudd ap Gwenwynwyn na Powys. Duka biyun suka tsere Ingila, sabon sarki Edward na Ɗaya ya karɓe su hannu bibbiyu. Llywelyn ya ƙi zuwa yin caffa sai an miƙo masa su, Edward kuma ya ce ba a gindaya wa sarki sharaɗi. A 1275 aka tare jirgin ruwan da ke kawo wa Llywelyn amaryarsa Eleanor, 'yar Simon de Montfort, aka tsare ta a Ingila.

Yaƙin 1277 bai daɗe ba. Edward ya zo da mayaƙa sama da 15,000, kuma kusan 9,000 daga cikinsu mutanen Wales ne, abin da ya isa ya nuna inda bangon ya tsage. Ya aika jiragen ruwa suka kama tsibirin Môn lokacin girbi, aka kwashe hatsin da Gwynedd za ta ci da hunturu. Llywelyn ya miƙa wuya a Aberconwy. An bar masa laƙabinsa da yammacin Gwynedd, aka ƙwace sauran, aka ba shi amaryarsa suka yi biki a Worcester a 1278.

Shekaru biyar da suka biyo baya sun tara ƙorafi. Ma'aikatan Edward sun matsa wa jama'a a yankunan da aka ƙwace, shari'ar da Llywelyn ya shigar kan yankin Arwystli kuma aka yi ta jan ta ana gardamar ko dokar Wales za a bi ko ta Ingila. Wanda ya kunna wutar shi ne Dafydd, mutumin da ya yi yaƙi a ɓangaren Edward amma ya ga ladansa bai kai abin da ya sa rai ba. Ana saura mako guda bikin Ista na 1282 ya kai hari kagarar Hawarden, tawaye ya bazu, Llywelyn ya shiga. A watan Yuni Eleanor ta rasu wajen haihuwar 'yarsu Gwenllian. Akbishop John Peckham na Canterbury ya kawo tayin a ba Llywelyn ƙasa a Ingila mai kawo fam 1,000 a shekara in ya sallama Eryri, ya ƙi. A Nuwamba mayaƙansa suka hallaka rundunar Ingila da ta yi ƙoƙarin tsallakowa daga Môn a kan gadar jiragen ruwa. Daga nan ya nufi kudu neman magoya baya, kuma a ranar 11 ga Disamba 1282 aka kashe shi a Cilmeri kusa da Builth, a ware daga rundunarsa. Aka kai kansa Landan aka kafe.

Dafydd ya ɗauki laƙabin ya ci gaba da yaƙi a cikin duwatsu har Yuni 1283, lokacin da 'yan ƙasarsa suka miƙa shi. A Oktoba aka zartar masa da hukuncin cin amanar sarki a Shrewsbury, aka ja shi a ƙasa, aka rataye shi, aka farke cikinsa, aka daddatsa gawar. Edward ya tabbatar gidan bai sake tsiro ba. 'Ya'yan Dafydd maza biyu sun mutu a tsare a Bristol. Jaririya Gwenllian aka kai ta gidan zuhudu na Sempringham a gabashin Ingila, ta zauna can har rasuwarta a 1337. Waɗanda suka taimaki Edward ma ba duka suka ji daɗi ba: Rhys ap Maredudd na gidan Deheubarth ya yi tawaye a 1287, aka kashe shi a York a 1292. Gidan Powys kuwa ya tsira ta hanyar rikiɗewa zuwa iyayengijin kan iyaka irin na Ingila.

Dokar Rhuddlan ta 1284 ta yanka Gwynedd zuwa gundumomi irin na Ingila, ta kawo dokar laifuka ta Ingila, amma ta bar rabon gado tsakanin 'ya'ya maza, ban da waɗanda aka haifa ba da aure ba. Edward ya kewaye Eryri da manyan kagarori a Conwy, Caernarfon, Harlech, sannan Beaumaris bayan tawayen Madog ap Llywelyn na 1294, ƙarƙashin magini James na St George daga Savoy. A 1301 ya ba ɗansa, wanda aka haifa a Caernarfon, laƙabin Yariman Wales, kuma daga nan ya zama al'ada a riƙa ba magajin gadon sarautar Ingila.

Bayan haka, sau biyu aka sake ɗaga tutar tsohuwar sarauta. Owain Lawgoch, jikan wani ƙanen Llywelyn, ya yi wa Faransa aikin soja yana da'awar Gwynedd, har wani ɗan leƙen asirin Ingila mai suna John Lamb ya kashe shi a Mortagne a 1378. Owain Glyndŵr, wanda ya haɗa jinin Powys da na Deheubarth, magoya bayansa sun naɗa shi Yariman Wales a ranar 16 ga Satumba 1400. Ya kama Harlech da Aberystwyth, ya kira majalisa a Machynlleth a 1404, ya ƙulla ƙawance da Faransa. Harlech ta faɗi a 1409, Glyndŵr ya ɓuya, ba a taɓa kama shi ba, kuma bai karɓi afuwar da aka yi masa tayi ba. A 1485 Henry Tudor, wanda ya fito daga zuriyar Ednyfed Fychan wazirin Llywelyn Babba, ya hau gadon sarautar Ingila. Ɗansa Henry na Takwas ne ya zartar da dokokin 1536 da 1543 da suka haɗe Wales da Ingila, suka soke ikon iyayengijin kan iyaka, suka mai da Ingilishi harshen kotu, suka kuma maye gurbin rabon gado na Hywel Dda da tsarin da babban ɗa ke gaje ƙasa.